Ƙasar Kunamun Malam Garba

Duk wanda ya san maigidana Malam Garba a Gwadangaji ya san ba ya wuce ƙasa bai duƙa ba. Gidan biki ne ko gidan gaisuwa, sai ya ɗebi ƙasa ya dunƙule a tafin hannu, ya buɗe, ya girgiza kai. "Wagga ba ta riƙe rami." Ramin wa? Na kunamunsa. Guda bakwai yake kiwo cikin rabin duro a bayan ɗakina, mutum da furfurarsa.

Shekarar da aka aurar da ɗiyar ƙanwata a Argungu, shi ya je bikin, na ce ya taho mana da kifi. Sai ga shi da yamma, ɗan acaba na nishi, buhu a tsakaninsu. Na kwance, yashi ne.

"Malam, ina kihin?"

"Kihi ko nan Birni akwai shi, Hauwa. Yashin bakin gulbi fa?"

Ranar tuwo da miyar kuka muka ci, shi kuwa har da ƙari.

Da rariyar garina yake tankaɗe yashin idan na fita. Mako guda muna tauna tsakuwa. Da na kama shi, na ce ya zaɓa, ko ni ko kunamun. Ya ce, "Ke kina iya zama ko'ina. Su ba su iyawa."

Wata rana babbar, wadda yake kira Gwaggo, ta harbe shi a yatsa. Maƙwabciyarmu Maman Ladi, 'yar Jos, ta shigo da takalmi a hannu za ta gama da ita. Yana zufa, yana cije leɓe, ya tare duron da jikinsa. "Ba laihinta ba na. Ni na cika ruwa, ɗakinta ya rushe. Ke a rushe miki ɗaki ki gani."

Lokacin da na shiga ajin yaƙi da jahilci, ina da jika biyu, shi ya zaunar da ni ya ce in gwada hannuna. Na ɗauka wasiƙa zan rubuta. Ashe haɗin ƙasa ne: yashi mudu biyu, busasshiyar lakar fadama mudu ɗaya a daka, a yayyafa ruwa, a danne, a bari ta sha iska kwana uku. In ka dunƙule ta watse, rami zai rufta; in ta manne a hannu, ruwa ya yi yawa. Na rubuta a littafina ina zaginsa a zuci.

Da ya rasu, Gwaggo kaɗai ta rage. Ƙasar ta tsage, ramin ya rufta, ita kuma Gwaggo ta laɓe a gefen duro ta daina cin kyankyason da nake jefa mata. Ni da na sha rantsuwa sai na murƙushe ta, ni ce na hau mota zuwa Argungu da buhu. Na buɗe tsohon littafin nan, na auna, na daka, na dunƙule. Sau biyu ƙasar tana watsewa. A na uku na buɗe hannu, ta tsaya, da shatin yatsuna a jikinta. Na waiwaya in nuna masa.

Kwana huɗu bayan na zuba sabuwar ƙasar a duron na mayar da Gwaggo ciki, na tarar da ɗan tudun ƙasa a bakin sabon rami.

Allah ya jiƙanka, Malam. Ya yalwata maka naka makwancin, ya sa ƙasar da ta rufe ka ta yi maka sauƙi.