Ranar da aka yi min liƙi a taron manoma

Shekaru da dama baya, cikin shekarun tamanin, na dawo ƙauyenmu kusa da Bunkure daga kwalejin horon malamai, kaina cike da wani kaset. Malaminmu na Turanci ne ya taɓa kunna mana shi: jawabin wani baƙar fata ɗan Amurka, yana neman a daidaita baƙi da fari a ƙasarsu. Malamin ya nuna mana dabarar mutumin. Yana farawa a hankali, ya kama jimla ɗaya ya yi ta maimaita ta, kowane zagaye ya ƙara mata sabon hoto, murya na hawa, har taro ya ɗauka. Ni kuwa na haddace salon tsaf, ina ganin na samo maganin kowane zalunci.

A lokacin gonar mahaifina tana can ƙarshen kanal, wato magudanar ruwan noman rani. Wani Alhaji mai gonaki a sama yakan sa a toshe ruwa da buhunan ƙasa, sai ya ƙoshi mu samu ragowa. Tumatirinmu ya fara fure, ganye na lanƙwashewa. Da aka kira taron manoma a ƙofar gidan mai gari, na ce zan yi magana.

Mahaifina ya ce, "Kai dai ka bari mu bi ta hannun liman, a roƙe shi a ɓoye."

Na ce, "Baba, roƙon me? Haƙƙinmu ne fa."

Na miƙe a taron. Jimlata ita ce, ruwan nan na kowa ne. Na faɗe ta na kawo gonakin da suka tsage. Na sake faɗa na kawo matan da ke jiran kakar tumatir su ɗinka wa yara sutura. A zagaye na gaba mutane suka fara amsa min, wani dattijo har da share hawaye. Wallahi a ranar na ɗauka na gama da Alhaji.

Sai ya taso yana murmushi, ya zaro sabuwar takardar kuɗi ya manna min a goshi, yadda ake yi wa maroƙi a gidan biki.

Ya ce, "Kai, yaron nan akwai baki! Malam, Allah ya raya maka. Ƙaro mana wani baitin."

Wuri ya ɓarke da dariya, har waɗanda suka gama amsa min. Liman ya shafa fatiha, aka watse. Ba wanda ya ƙara ta da zancen ruwa.

Tunda an yi abin a bainar jama'a, hanyar liman ma ta toshe. Tumatir ya ƙone a tsaye. Da rani ya zagayo, mahaifina ya bar gonar, kuma Alhajin ne ya karɓe ta.

Har yau idan na ji ana yi wa mai jawabi tafi, gabana faɗuwa yake yi. Can Amurka ban san abin da ya biyo bayan tafin ba, amma a garinmu na gani: mutane na iya jin daɗin gaskiya su tashi su bar ta a wurin. Abin da ya fi ci min rai, mahaifina bai taɓa yi min faɗa ba. Ranar da muka je kwashe kayan aikinmu daga gonar, ya daɗe yana kallon ruwa ya cika kanal har ƙarshe, don yanzu gonar ta Alhaji ce. Sai ya saɓa fartanyarsa ya ce, "Mu je gida."