Gafakar Baba a Shiling

Ni ɗan baduku ne, amma na gudu daga sana'ar tun gemu bai fito mini ba. Sau ɗaya basilla ta soke ni, na kurma ihun da har yau tsofaffin unguwarmu ke cewa shi ya tsaga katangar masallaci. Da na girma sai na koma sayar da jakunkunan mata na roba, waɗanda nake sarowa a Shiling, garin masu jaka da ke wajen Guangzhou. A can ko tuntuɓe ka yi, kan jaka za ka faɗa.

Wata shekara dabara ta zo mini. Akwai gafakar da mahaifinmu ya ɗinka kafin idonsa ya tafi, ita ce aikinsa na ƙarshe: jar fatar akuya, koren ado a baki, ɗinki ƙanana kamar sawun tururuwa. Tun rasuwarsa tana hannun yayata. Na roƙe ta aro, in kai samfur a buga mini irinta da roba. Ta ce, "Ka dai dawo mini da ita yadda ka ɗauka." Na rantse. Abin da na ɓoye mata shi ne a Shiling ba a kwaikwayon jaka da ido. Farke ta ake yi da reza, a shimfiɗa kowane ɓangare a kan kwali a zana. Tarkace ake miƙo maka a leda.

Jirginmu ta Alƙahira yake bi. Na ratsa garin nan ba adadi, amma duk sanin da na yi wa Masar bai wuce kujerar filin jirgi da shayi mai tsada ba. Wannan karon jiran ya kai yini guda, sai aka fita da mu a mota mu ga gari. Dalar Fir'auna kam na gan ta. Na ɗaga kai har hulata ta faɗi, wuyana bai koma daidai ba sai da muka sauka Chaina. Na yi mamaki, na ɗauki hoto, shi ke nan. Dutse ne, kuma ba kakana ya ɗora ba.

Da yamma aka shiga da mu tsohon gari, muka yi la'asar a wani masallacin da ƙafafun mutane suka cinye dokin ƙofarsa, daga nan sai gidan tarihi. 'Yan'uwana matafiya suka yi wajen takubba da fitilu. Ni kuma wani lungu ya ja ni, inda aka jera bangon littattafai na fata da wata tsohuwar jaka a cikin gilashi. Ta yi baƙi, ta tsattsage, amma ɗinkin bakinta na nan. Na sauke gafakar Baba daga kafaɗa, don ban yarda in sa ta cikin kaya ba, na kara su. Ba zan ce ta Kano ce ba. Ina da ƙarin gishiri, amma ba a nan ba. Na dai ga hannun da ya yi wannan da wanda ya yi waccan sun san abu ɗaya.

Na tambayi jagoranmu, wani Balarabe mai muryar ladan, wa ya ɗinka ta. Ya ce ba wanda ya sani. Sai idonsa ya sauka a kan tawa. Ya nemi izini ya taɓa, kuma kafin ya taɓa sai da ya goge tafinsa a jikin rigarsa. Ni da na yi kwana biyu ina cusa mata fasfo da ragowar biskit.

A Guangzhou, abokina ɗan zangon Kumasi, mai ofishin tura kaya a ginin Tianxiu, shi ne tafintana. A mota, kan hanyarmu ta Shiling, na ba shi labari, har na ce sojoji goma ke gadin jakar gidan tarihin. Ya ce, "Alhaji, yini ɗaya ka yi a Masar ka dawo shehin tarihi? Da ka kwana ai sai mu zo ɗaukar karatu."

Laoban ɗin masana'antar, wato mai wurin, ta juya gafakar ta shinshina, ta kira wani dattijo mai zanen samfur. Na ce a tambaye shi ko zai iya ba tare da ya farke ba. Ya girgiza kai. "Meyo." Babu. Na san amsar tun daga Kano. Na yi shiru, shirun nan kuwa izini ne, dattijo ya sa reza.

Ƙarar ba ta kai ta tsinkewar zare ba, amma a haƙorana na ji ta. Kafin in ce "Tsaya!" ya tafi tsawon ɗan yatsa. Na fizge gafakar. Laoban ta yi ta magana, abokina ya ce, "Tana tambaya lafiyarka ƙalau? Me zan ce mata? Ni ma ban sani ba." Na ce ya ba ta haƙuri, a buga mini irin na kullum.

Washegari da hantsi, a masaukina na titin Huanshi Lu, na zauna da allura da zaren da abokina ya samo mini. Ramukan basillar Baba na nan a jere, nawa kawai in bi su. Ko hakan ya gagare ni. Ɗinkina ya fito kamar hanyar mai maye. Sai da na zauna bin ramukan nan ɗaya bayan ɗaya na lura yadda suke ƙara tazara wajen ƙarshe, inda ido ya fara gaza masa ya koma lalube.

Na kira yayata ta bidiyo, na nuna mata wurin. Ta daɗe tana kallo.

"Wa ya yi wannan ɓarnar?"

"Ni ne, Yaya."

"Farkewar ko ɗinkin?"

"Duka biyun."

Na ce in na dawo zan nemi baduku ya warware nawa ya gyara. Ta ce, "Kada wani ya ƙara sa mata hannu. Bar naka a jiki, yara su san wanda ya yi. Kuma ka cire fasfonka daga ciki, ina hango shi."