An Binne Ma'aikacina Ban San Sunansa Ba

Assalamu alaikum, Edita. A lokacin da abin da zan ba da labari ya faru, ni ma'aikaciyar gwamnati ce a Minna, ina zaune a unguwar Maitumbi, saura mini 'yan shekaru in yi ritaya. Maigidana ya rasu, yara duk sun kama gabansu, sai na buɗe 'yar gonar kajin ƙwai a garin Beji, kusa da Minna, don in sami abin yi idan na bar ofis. Ina ganin kaina mace mai tausayi. Ba na faɗa da kowa, kuma duk wanda ya shigo gidana da yunwa ba zai fita da ita ba. Na faɗi wannan ne don mai karatu ya san cewa ba sai mugu ne kaɗai ke aikata irin abin da na aikata ba.

Babbar matsalata a gonar ita ce ma'aikata. Mutanen garin suna da himma, amma da ruwan farko ya sauka sai kowa ya koma gonarsa ta doya, a bar ni da kaji. Ana haka mai kawo mini abincin kaji ya zo da wani magidanci dogo, siriri, mai furfura kaɗan a gemu. Ya ce mutumin Cadi ne, ya iya kiwo, ba shi da kowa a nan, kuma ba shi da takardar shigowa ƙasa ko ta zama. Ya faɗi maganar takardar da murya ƙasa-ƙasa kamar aibi, ni kuwa a raina daɗi na ji. Na san mutumin da ba shi da takarda ba zai tafi ko'ina ba, ba zai ɗaga mini murya ba, ba kuma zai kai ƙarata wurin kowa ba. Ban tambayi sunansa ba. Mai abincin kaji ya kira shi Ɗan Cadi, ni ma na bi, garin ma duk ya bi.

Shekara biyu da rabi ya yi mini aiki. Hausarsa guntu-guntu ce, "kai" yake ce mini kamar namiji, amma kajin nan ya san su kamar 'ya'yansa. Da ya ji kukan kaza ya san wadda ba ta da lafiya, ya ware ta. Ban taɓa ƙirga kiret na ga ƙwai ɗaya ya ɓace ba. A ɗan ɗakin kwano da ke jikin rijiya yake kwana, iyakar yawonsa masallaci.

Yayana, wanda ya yi aikin kotu shekaru da yawa, ya zo gonar wata Asabar ya gan shi. A hanyarmu ta komawa ya ce mini doka ba baƙo kaɗai take kamawa ba, har da wanda ya ɗauke shi aiki ya ɓoye. Ya ce in kai mutumin ofishin shige da fice a ji yadda za a daidaita zamansa, in kuma rubuta cikakken sunansa da garinsu da lambar wani nasa. Na ce to, Yaya. Ban yi ba. Shi kansa mutumin sau biyu ya tsugunna a gabana ya roƙe ni in taimaka masa da takarda, don yana so ya je ya ga iyalinsa ya dawo ba tare da fargabar hanya ba. Sau biyun na ce ya ƙara haƙuri, ina kan maganar. Abin da ya fi muni, na riƙa ce masa jami'ai suna tare hanyar Minna suna kama baƙi, kada ya kuskura ya shiga gari. Ni ban taɓa ganin an kama kowa a hanyar ba. Tsoron da na dasa masa shi ne shingen gonata.

A farkon wata damina iska ta yaye rufin ɗakin kaji. Ya hau yana gyarawa, wani tsohon kwano mai tsatsa ya yanke shi a tafin ƙafa. Da na zo washegari na tarar ya ɗaure wurin da tsumma yana ɗingishi yana zuba wa kaji ruwa. Na san asibiti ya kamata. Amma sai na tuna maganar Yaya, na hango kaina ana yi mini tambayoyi, ana kai maganar ofishinmu ina dab da ritaya. Na biya kemis na sayo magani da bandeji na kawo masa. Shi ma da na ambaci asibiti da baki kawai, sai ya girgiza kai ya ce a'a, za a kama shi. Na ji sauƙi a raina, na ce ai shi ne ya ƙi. Ban tsaya na tambayi kaina wa ya koya masa tsoron ba.

Kwana tara ke nan da rauni lokacin da limamin unguwar da gonar take ya kira ni da hantsi. Ya ce kwana biyu ba su ga baƙona a sahu ba, da suka leƙa suka same shi kwance jikinsa kamar wuta, ƙafar ta kumbura har gwiwa tana wari. Ya ce, cikin ladabi amma da nauyi, Hajiya ki zo yanzu. Na bar ofis na ɗauki mota. Mutum uku suka ɗauko shi suka kwantar a baya, yana sambatu da harshensu.

A asibiti babu wanda ya tambayi takardar ƙasa. Ko mutum ɗaya. Abin da na kwana tara ina gudu bai ma taso ba. Nas ɗin da ke buɗe kati ta ɗago kai ta tambaye ni sunan majinyaci. Sai a lokacin na tuna ban taɓa tambayarsa ba. Ta sake tambaya, ta ce shekarunsa fa, garinsu fa, wa za a kira idan wani abu ya faru. Na ce Ɗan Cadi muke ce masa. Ta ajiye biro ta tambaye ni tun yaushe yake mini aiki. Da na faɗa mata, kallona kawai ta yi, kuma har yau na fi jin zafin wannan kallo a kan zagi. Likita ya ce gubar raunin ta riga ta shiga jini, da an kawo shi a kwanakin farko da wanki da allura sun isa. Washegari bayan azahar ya cika.

Mutanen Beji ne suka yi masa sutura, suka sallace shi, suka kai shi makwancinsa. Ni ina zaune a gidan liman tare da matansa ana yi mini gaisuwa, ana cewa Allah ya saka mini da na riƙe baƙo. Kowace gaisuwa kamar ana ɗora mini dutse.

A ɗakinsa muka sami ƙaramar waya, sunayen ciki duk da rubutun Larabci. Liman ya nemo wani mai fataucin shanu da ke jin Larabcin mutanen can, ya kira lambar da aka fi kira. Mace ce ta ɗauka, matarsa. Ina tsaye ina jin kukanta ta cikin wayar. Da ta ɗan natsu sai ta tambaya ko an yi masa salla, aka ce an yi. Ta tambaya ko ya sha wahala, mai fassara ya dube ni, na sunkuyar da kai, ya ba ta amsar da ya ga dama. Daga nan ta ce a ba uwar ɗakinsa godiya. Ta ce kullum yana gaya musu yana hannun mutuniyar kirki wadda ke kan nema masa takarda, kuma ya yi wa 'yarsu alkawarin zai zo aurenta bayan girbi. A ranar, kwana uku da binne shi, na fara jin sunansa daga bakin matarsa.

Babu wanda ya kama ni, babu wanda ya tuhume ni. Na gaya wa Yaya gaskiya duka, ya ce in nemi gafarar Allah, in kuma gaya wa matar abin da ya faru. Na kula da iyalin iya ƙarfina, amma wannan gaskiyar har yanzu ban iya faɗa mata ba. Na sayar da kajin, gonar tana nan ciyawa ta cinye ta.

Abin da na koya shi ne, rashin takardar mutum ba garaɓasa ba ce ga mai ɗaukarsa aiki, amana ce ta ƙaru. Wanda ba shi da inda zai kai kuka, duk hakkinsa a wuyanka yake. Ina roƙon masu gonaki da masu gine-gine da matan da ke ajiye baƙi a gida: kafin mutum ya taɓa muku aiki, ku san sunansa da garinsu da danginsa, ku raka shi hukuma a gyara zamansa ta hanyar da doka ta tanada. Idan ba za ku iya ba, kada ku ɗauke shi. Idan ya yi ciwo, ku kai shi asibiti a ranar, ko me zai biyo baya. Ni na tsare aikina da sunana, na yi ritaya lafiya, ana ce mini Hajiya mai kirki. Mutum ne ya biya wannan da ransa, kuma akwai ranar da za a tsayar da mu gaba da gaba, inda ba wanda zai yi mini fassara.