Dashen Sitiroberin da Baba Ya Jira

Babanmu manomin lambu ne a Karare. Albasa, tumatir, latas, duk abin da aka ce ba ya yi a ƙasarmu sai ya gwada. Da Yayana ya tafi karatu Masar, ya turo hoton wani ɗan itace ja mai ɗigo-ɗigo a jiki, wai shi sitiroberi. Baba ya daɗe riƙe da wayata yana kallo, sannan ya ce, "Ki ce ya zo mini da dashe."

Ni ce na yi sakandare cikin waɗanda suka rage a gidan, don haka ni na bincika yadda ake shigo da tsiro daga ƙasar waje. A bakin rijiyar lambu na karanta masa: sai an nemi izini tun kafin a taso, sai an karɓo takardar shaidar lafiyar tsiron daga can, kuma sai an wanke saiwar tas, don ƙwari da cuta a cikin ƙasa suke ɓuya.

"A wanke saiwa?" Ya yi dariya har ya ajiye fartanya. "'Yar boko, tun ba a haifi uwarki ba nake dashe. Tsiron da aka raba da ƙasarsa ai gawa aka ɗauko."

"Baba, doka ce fa."

"To ki gaishe ta."

Da bakinsa ya aika wa Yaya saƙo: ya haƙo su da ƙasarsu, ya naɗe a jiƙaƙƙen buhu, yadda muke kai dashen barkono kasuwar Safana. Ya ware fangali biyu kusa da inuwar mangwaro, ya zuba taki, kullum yana ban ruwa. Inna ta riƙa tsokanarsa, "Malam, yau ma aljanu ka shayar?"

Yaya ya sauka a Kano farkon sanyi. Masu duba tsirrai a filin jirgi suka buɗe jakar, ga ƙasa, ba takarda ko ɗaya. Ya ce ba su yi masa faɗa ba, sun dai karɓe, suka ce ƙonawa za a yi. Ya roƙi ko guda ɗaya, suka ƙi.

Haka Yaya ya iso gida hannu rabbana. Washegari Baba ya dube ni ya ce, "Baɗi a yi yadda kika karanta." Fangalin nan biyu ya hana a shuka musu komai.

Baɗin ba ta same mu a can ba. Wata rana da hantsi 'yan bindiga suka shigo a kan babura, ina hanyar kai wa Baba fura. Na kwanta cikin albasa, fuskata a laka, har harbin ya lafa. Ba na iya faɗin sauran. Har yau in babur ya wuce da gudu sai in nemi bango in jingina.

Yanzu muna cikin garin Batsari, a ɗaki ɗaya gidan ƙanen Inna. Ba mai zuwa lambu. Ni ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasar nan nake kewa, da muryar Baba yana faɗa da awakin maƙwabta.

Makon jiya Yaya ya kira daga Masar, muryarsa cike da murna. Ya samu izini, ya samu takardar lafiya, an nuna masa yadda ake wanke saiwa a naɗe ta.

"Baba, wannan karon ba mai tsare ni."

"Kwana nawa zai yi ba a dasa ba?"

"Kaɗan ne, Baba. Da na iso sai a sa a ƙasa."

Baba ya ce, "Ka bar wa masu lambu." Ya miƙo mini wayar, ya sa takalmansa ya fita.

Na so in ce a kawo, zan dasa a tsohon bokiti. Amma tsakar gidan ba tamu ba ce, ruwan sha ma sai an bi layi. Yaya yana ta kiran "Ƙanwata, kina ji?" Na ce ina ji. Na ce ya sayi guda ɗaya ya ci, ya faɗa mini ko zaƙi ne da shi ko tsami.