Ayabar da Adama Ta Ciro daga Gaya

A duk unguwarmu a Gafasa, gidan Adama mai ƙuli-ƙuli ne kaɗai za ka leƙa da rani ka ga kore shar. Ayaba ce a bakin rariyar da ruwan wanke-wanke ke bi, ganyenta faffaɗa kamar tabarma, da ratsin ja a jiki.

Abin ya daɗe yana ɗaure min kai, don mu nan abin da ba a ci, ba ma shuka shi. Na tambaye ta yaushe za mu sha ayaba, ta harare ni.

"Wannan ta kallo ce. Daga gidan marigayiya Innata a Gaya na ciro ta. An sayar da gidan, an sare sauran, ita kaɗai ta rage min."

Ta nuna min 'ya'yan da ke tsirowa a gindin, ta ce uwar da ta yi fure ta gama, mutuwa za ta yi, sai 'ya ta gaje ta. Mijinta Bubayero bai taɓa jin wannan ba, don bai taɓa tambaya ba.

Da 'yarsu Zuhra ta haihu a Ajingi, Adama ta tafi yi mata wankan jego, ta bar masa amanar ban ruwa. Bubayero manomin gero ne na gaske. Ya ga ƙanana sun matse babba, ya ɗauko fartanya ya cire su tas, yadda yake rage gero in ya yi yawa a rami. Akuyoyi suka yi biki.

Ranar da ta dawo ya tarye ta da fara'a.

"Zo ki ga aiki. Na cire masu shanye mata ruwa, ga shi har ta yi fure."

Adama ta dubi furen, ta dubi gindin.

"Malam, ina 'ya'yan?"

Ba ta yi faɗa ba, kuma wallahi da faɗan ta yi da ya fi min sauƙi. Zama ta yi ta faɗa masa abin da ta faɗa min. Tausayinsu ya kama ni su duka biyun.

Uwar ta bushe kafin damina. Adama ta ce saiwar takan sake tohowa, takan kuma ƙi. Bubayero ya kewaye wurin da ƙaya, can yake alwalarsa yanzu, kuma in ya gama sai ya tsuguna ya tona ƙasar da yatsa a hankali. Jiya ma na gan shi.