Koci Tillery, Wanda Ya Ƙi Karɓar Tafin Da Ba Nasa Ba

Kafin masu shara su iso filin ƙwallon Amurka, irin wadda ake jifa da hannu, motar Koci Orrin Tillery ta riga ta tsaya a gindin katanga. Zai shiga ofis da gahawarsa, ya kunna faifan wasan abokan karawa, ya kalla, ya mayar baya, ya sake kallo har gahawar ta huce. Aikinsa tsara hari: shi ke yanke wa za a jefa wa ƙwallo, wa zai ruga da ita, wa zai share masa hanya. Ranar Asabar, ranar wasa, ba a ganinsa a fili. Yana can sama cikin ɗakin gilashi, na'ura a kunne, yana turo umarni ƙasa.

A ƙarshen kakar nan zai ajiye aiki, kuma ina tsoron ya tafi ba a ce masa komai ba.

Ya fara ne a wata sakandare ta ƙauye a Arkansas, yana koyar da tarihi da safe, ƙwallo da yamma. Daga nan ya bi kwalejoji, Louisiana, Texas, Alabama, daga kocin masu cafe ƙwallo zuwa kocin masu jifa, har aka damƙa masa hari gaba ɗaya. Amma wannan sana'a gidan fargaba ce. Idan Disamba ta yi aka kori babban koci, da duk mutanensa ake kora. Matarsa Lavonne ta taɓa ce min, tana juya tarwada a kasko, "'Yar nan, ni na daina dasa itace. Tumatir kawai nake shukawa, shi ke nuna kafin a kore mu."

Shekarar da nake son ba da labari suna Kwalejin Pinehollow a Mississippi. Kowa a garin ya sani, har mai aski, cewa in aka faɗi wasan ƙarshe an gama da babban koci Buford Stancil da mutanensa. Tillery ya haura hamsin, 'yarsa tana ajin ƙarshe a makarantar garin, kuma ba kowa ke ɗaukar tsohon da aka kora ba.

Mai jifansu a lokacin Tavian Roark ne. Yau mijina ne. A ranar saurayina ne, ina cikin 'yan kallo sanye da rigarsa.

Ga yadda suke aiki. Tillery zai faɗi tsari daga sama, mutum uku a gefen fili su yi ta alamun hannu. Ɗaya ne na gaskiya, biyun na ruɗin abokan karawa ne. A ranar mai farar hula ne na gaskiya, kuma Tavian ya fi kowa sani.

Bayan hutun rabin lokaci wani ƙato ya yi karo da Tavian, hular kwanonsa ta bugi ƙasa. Ƙarar har inda nake. Ya tashi, ma'aikacin lafiya ya tambaye shi sunansa da inda yake, ya amsa daidai, aka mayar da shi. Can wasa ya kusa ƙarewa, an fi mu maki da ɗan kaɗan, sai Tavian ya ja baya ya cilla wata doguwar ƙwallo. Aka cafe! Filin ya ɗauki ihu, makaɗa suka ɓarke, matar da ke kusa da ni ta rungume ni ban san ta ba.

Wanda ke zaune kusa da Tillery a sama ya ce shi kam bai motsa ba. Fuskarsa ta yi fari fat.

Muryar Stancil ta shigo ta na'ura. "Orrin, tsohon mayaudari! Ina ka ɓoye wannan tun safe?"

"Buford, ba ni na kira wannan tsarin ba."

"To mala'iku ne suka kira? Ba ni tsari na gaba, mutumina, lokaci na tafiya!"

"Tsarin gudu na kira, ba na jifa ba. Alamar mai jar hula ya bi, ɗaya daga cikin na ruɗi. Yaron nan bai san wa zai kalla ba. Fitar da shi."

"Ka haukace? Mai lafiya ya duba shi. Kuskure ne, kuma kuskuren ya yi mana rana!"

"Tavian bai taɓa wannan kuskuren ba. Dube shi yanzu, ina yake kallo?"

Tavian yana tsaye a tsakiyar fili, yana duban mutum ukun nan ɗaya bayan ɗaya.

Stancil ya sassauta murya. "Orrin, ka san abin da kake yi mana? Kai da ni da duk waɗannan masu iyali? Ka tuna da Lavonne."

"Na tuna da ita. In ba ka fitar da shi ba, zan cire abin kunnen nan in sauko in fitar da shi da hannuna, a gaban gari."

Har yau ina tuna 'yan daƙiƙun nan. Shiru kawai ake bukata daga gare shi. Da ya yi murmushi ya karɓi yabon, babu mahaluƙin da zai sani. Jaridu za su ce tsohon ya ƙware. Tavian kuma zai koma cikin ƙattin nan da ke neman kansa.

Aka tsayar da wasa, aka janye Tavian yana fisge-fisge yana cewa, "Koci, lafiyata ƙalau! Koci, don Allah!" Filin da ke tafi ya koma ihun tsinuwa. Ni ma na yi. Mai jifa na biyu ya shiga, ƙwallon farko ya miƙa wa abokan karawa. Aka cinye mu.

A asibiti hoto ya nuna jini na tsattsafa a cikin kan Tavian. Likitar ba ta yi dogon bayani ba. Ta ce wani karon guda zai iya isa. Mahaifiyarsa ta sulale ta zauna a ƙasa.

Litinin kwalejin ta kori Stancil da mutanensa duka. Wasu daga cikin abokan aikin Tillery sun daɗe ba su ɗaga wayarsa ba. Tillery ya yi shekara a gida, sannan ya samu wata ƙaramar kwaleji inda 'yan kallo ba sa cika benci, can yake har yau. Manyan wurare ba su sake kiransa ba. Da Tavian ya je ba shi haƙuri, cewa ya yi, "Ɗana, ka zo ka ɓata min rana ne? Zauna, Lavonne ta gasa burodin masara. Jifan dai ya yi kyau, ko da na banza ne."

Tavian bai tuna jifan ba. Har yanzu kansa kan sara, ya rufe labule ya kwanta, ni kuma in zauna bakin gado ina sauraron numfashinsa. Tsoron bai bar gidanmu ba. Amma numfashin yana nan.

Koci, kai ne idon da bai rufe ba ranar da dubban mutane suka makance da murna. Kai ne ka ji tsoro kamar kowa, ka san abin da zai biyo baya, ka buɗe baki duk da haka. Ban taɓa ba ka haƙurin ihun da na yi maka ba sai yau. Na gode. Mahaifiyar Tavian ta gode. Allah ya ba ka hutu mai daɗi, kai da Lavonne.

Ku kuma da ke zaune a ɗakunan gilashi, Asabar na tafe. 'Ya'yan wasu za su sa hular kwano su shiga fili, iyayensu na kallo da zuciya a hannu, ba sa iya ganin abin da kuke gani daga sama. Idan ɗayansu ya kalli inda bai kamata ba, ko da filin na tafa muku, don Allah ku yi magana.