Albasa a Bakin Mai Azumi

Ina aji biyu a lise, wato sakandare, shekarata sha uku, azumi ya faɗo a tsakiyar bazara. Wanda bai san bazarar Garwa ba, ya sa kansa a tandar mai burodi ya ja murfi, zai ɗan samu labari. A wannan shekarar na tara mutanen gidanmu na sanar da su cewa talatin zan yi cif, na bar rabi-rabi irin na yara.

Kakata ce kaɗai ta yarda da ni. Ita ta rene ni, maigida take ce mini, ni kuma in ce mata amarya. Duk matar da ta shigo gaishe ta sai ta ji labarina: yaron nan ko yawu ba ya haɗiyewa, dubi yadda wuyansa ya yi tsawo. Ni kuwa in ƙara langaɓe kai don wuyan ya fito sosai.

Kwana huɗun farko na yi su da gaskiya. A na biyar, lokacin hutun tsakar rana, ƙafafuna suka kai ni bayan katangar makaranta, inda wata mata 'yar kudu ke sayar da burodi da wake, tana yanka ɗanyar albasa a kai. Ban yi niyyar komai ba, kallo na je. Daga ranar kullum sai in ce wa abokaina zan je alwala, in tsuguna bayan wata matacciyar mota, in gama da rabin burodi kafin ƙuda ya samu wurin sauka. Sannan in kurkure baki, in cusa asuwaki, in koma aji ina jan ƙafa.

Da a nan na tsaya da sauƙi. Akwai 'yar kawuna, taubashiyata, gidanmu ɗaya, ajinmu ɗaya. Rana ta uku da fara azumi na gan ta tana alwalar la'asar, ruwan da ta kurkure baki da shi bai dawo ba, ta ƙara tafi biyu a kai. A guje na kai wa kaka rahoto, har da ƙarin cewa buta guda ta shanye. Kaka ta yi mata faɗa a gaban baƙi har ta yi kuka. Na kuma raɗa mata suna madatsar ruwan Lagdo, sunan ya bi ta makaranta.

Malaminmu na kimiyya wani dogo ne daga wajen Gidar, ba musulmi ba ne, Mesiye kawai muke ce masa. Mikroskop, na'urar ganin ƙananan abubuwa, ɗaya makarantar ke da shi, shi kuma ya ɗauke shi kamar ɗan fari. A akwatin katako yake kawo shi, naɗe da tawul, ya ajiye bakin taga don madubinsa ya kama rana. Mako guda kafin abin da zan ba da labari, ya ɓare fatar albasa mai shara-shara ya sa mana a ciki, muka yi layi muna leƙawa da ido ɗaya. Abin da muka gani kamar ginin bulo ne, jere-jere, kowane da ɗigo a ciki. Ya ce duk wani abu mai rai, daga kuka har kiyashi, da irin waɗannan ƙananan ɗakuna aka gina shi, su ne selil. Kowanne yana da fata siririya da ke tace abin da zai shiga da wanda zai fita, da ruwa mai kauri a ciki inda ake aiki, da ɗigon nan da ke ba da umarni. Na tsiro yana da ƙarin bango mai tauri a waje, shi ya sa yake da kusurwa. Na dabba da na mutum ba bango, sai ya baje kamar ƙwan da aka fasa a kasko. Ya sa muka zana, muka maimaita har muka gaji.

Ranar da ake magana, bayan hutu ya shigo da akwatinsa da ashana. Ya ce yau na mutum za mu gani, wani ya fito ya kankaro cikin kumatunsa da sandar ashana. Ba wanda ya fito. Wata ta tambaya ko hakan na karya azumi, Mesiye ya ce shi kam bai sani ba, ba kuma zai tilasta kowa ba. Akwai kiristoci da yawa a ajin, da na yi shiru da ɗayansu ya fito. Amma ni ne na miƙe, na cire asuwaki, na yanke hukunci cewa fitarwa ba ta karya azumi, shigarwa ce ke karyawa, na kalli taubashiyata don a san da wa nake. Aka yi dariya.

Ya ce in kankara a hankali. Ni da nake son a gani, sai na shiga haƙa kamar mai neman rijiya, har can bayan turame. Ya shafa a gilashi, ya ɗiga wani shuɗin ruwa, ya sunkuya yana murza. Ya daɗe. Da ya ɗago, fuskarsa cike da murna.

"Ku zo ku gani, yau mun yi sa'a," in ji shi. "Iri biyu a gilashi ɗaya."

Aka yi layi. Na farko ya leƙa ya ce ga masu bajewa nan a gefe, amma a tsakiya akwai bulo. Ta biyu ta ce ai wannan na makon jiya ne. Mesiye ya tambayi aji wane irin selil ne ke da bango, duk suka amsa da murya ɗaya, har waɗanda ba su taɓa amsa tambaya ba tun da aka haife su.

Na ce asuwaki ne. Ai ice ne, ice kuma tsiro ne. Har yanzu ina ganin wannan ita ce amsa mafi kyau da na taɓa bayarwa a ajin kimiyya. Mesiye ma ya yaba, ya ce haka masu bincike ke tunani, sai a gwada. Ya karɓi asuwakina, ya fere ɗan siriri da reza, ya sa a wani gilashi. Aka sake layi. Na asuwaki dogaye ne, zare-zare, kamar an kwantar da kara. Ko makaho ya leƙa zai ce ba danginsu ɗaya da bulon nan ba.

Na ce to na sahur ne. Wani daga baya ya ce da Fillanci, wace irin albasa ce ke jure asuwakin awa takwas, a ba shi iri ya kai wa babansa mai noman albasa a Pitowa. Daga nan idanu suka koma kan taubashiyata, don kowa ya san kwanonmu ɗaya.

"Madatsa, me kuka ci da asuba?" in ji wani.

Tuwon dawa muka ci da miyar kuka. Ta san haka, na san haka. Ta dube ni, ta ce ita barci take ji lokacin, ba ta lura ba. Ta koma kan zanen da take yi a littafi.

Sai a lokacin Mesiye ya gane abin da ya tono. Ya yi saurin goge gilashin, ya ce kowa ya buɗe littafi. Aji bai daina motsi ba har aka tashi. Ni dai na ji kunnuwana sun fi kwanon rufin ajin zafi.

A hanyar gida na bi bayanta ina jiran ta faɗi abin da take so in yi mata don ta yi shiru. Ba ta nemi komai ba. Da yamma ta taya kaka dama kunun gyaɗa, ta shimfiɗa tabarma, nan ma ba ta tona ni ba. Aka kira salla, kaka ta tura mini kofi mafi girma tana cewa maigida ya fara, yau ranar ta yi zafi. Na riƙe kofin, na kasa kai shi baki. Na faɗa wa kaka gaskiya, kaina a ƙasa, da muryar da ni ma da kyar na ji.

Ta tambaye ni kwana nawa. Na ce tara. Ba ta ɗaga murya ba.

"Cin da ka yi tsakaninka da Allah ne, za ka rama," ta ce. "Amma ka sa na zagi yarinyar nan a gaban mutane, kai kuma kana ƙoshe."

Ta juya ta ba 'yar kawuna haƙuri, tsohuwa da furfurarta, a gabana. Da ta ɗauko muciya ta rafka mini da ya fi sauƙi.

Bayan salla na rama taran ni kaɗai, gida na ƙamshin suya, yara na cin mangwaro a gabana da gangan. Na ce wa kaka kada ta wahala, zan ci ɗumame. Ba ta saurare ni ba. Duk asubar kwana taran nan sai da ta tashi da ciwon gwiwarta ta hura wuta, ta ajiye mini kwano, ta zauna har in gama.